Likitan Zuciya

"Ungo, sa masa. Sun taso."

Hajiya Binta, matar maigidan, ta miƙo kwaɗon da yatsu biyu. Ba ta yarda ta tako farfajiyar baya ba. Daga bakin ƙofar kicin ta tsaya, ta tattare gefen leshinta kada ruwan wanki ya taɓa shi. Yalwa ta goge hannu a zane ta karɓa. To me za ta ce? Gidan nasu ne, ɗakin nasu ne, kwaɗon ma nasu ne. Mijin ne kaɗai nata.

Ta tarar da Ila zaune a bakin gado yana gyaran lagwanin fitila. Ya dubi hannunta, ya dubi fuskarta.

"Baƙi?"

"Baƙi."

"To cika mini buta kafin ki rufe. La'asar a ciki za ta same ni."

Mutumin da ake kullewa don kada ya ba da kunya ke nan, yana lissafin lokacin salla. Yalwa ta kawo butar, ta ja ƙofa, ta danna kwaɗon. Duk lokacin da ta ji wannan ƙarar sai miyau mai ɗaci ya taru mata a baki, yau ma sai da ta tofar a gindin famfo.

Ila direban soja ne a da. Ya je yaƙin basasa ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa cif, mutane suka yi ta yi masa barka. Babu wanda ya tambayi abin da ya riƙa ɗaukowa a bayan lorin nan. Sai daga baya aka lura in jirgin yaƙi ya wuce ta saman gari, ko salansar mota ta buga, Ila ya kan zube ƙasa ya rufe kai, jikinsa na kyarma, yana kiran sunayen mutanen da ba wanda ya san su. Warin babbakar nama ya kan sa shi amai. Mota kuwa, shi da ya yi rayuwarsa a bayan sitiyari, ko da wasa ba ya shigarta. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, bai taɓa zagin kowa ba. Yayansa Alhaji Adamu, babban ma'aikacin gwamnati, ya ba su ɗaki ɗaya daga ɗakunan boyi-boyi a bayan gidansa na Unguwar Rimi, dangi suka yi ta sa masa albarkar zumunci. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, aka yanka abin da aka ce a yanka. Ranar wata babbar salla, ana tsakiyar babbakar kawuna, Ila ya fita da gudu ya shige lambatun bakin titi a gaban maƙwabta. Washegari Alhaji ya aika kasuwa aka sayo kwaɗo.

Baƙin yau kuwa ba irin na kullum ba ne. Dangin saurayin Husaina ne, babbar 'yar Alhaji. Gidan Alhaji Inuwa, masu rumfunan atamfa a Babbar Kasuwa, mutanen da ba sa haɗa jini da kowa sai sun tono asalinsa har kaka da kakanni: ko akwai kuturta, ko akwai sata, ko akwai hauka.

Yalwa ta ɗauko tiren lemo ta tsaya bayan labulen falo tana jiran Shu'aibu, autan su Alhaji, ya zo ya karɓa. Daga nan ta ji muryar maigidan, cike da alfahari.

"Wannan shi ne autanmu. Ya gama jami'a, yana asibiti yanzu. Likitan zuciya ne."

"Kai, madalla," in ji wani dattijo. "Ashe faɗuwa ta zo mana daidai da zama. Yaro, matso nan. Ni in na hau bene sai in ji ƙirjina na dukan tara-tara."

Ta leƙa ta gefen labule. Shu'aibu ya dubi yayansa. Alhaji ya kafe shi da ido yana murmushi. Sai yaron nan ya durƙusa, ya kama wuyan hannun dattijon, ya dubi agogonsa kamar gaske, ya ce a rage gishiri.

Yalwa ba ta yi boko ba, amma ta san asibitin da Shu'aibu ke zuwa kowace safiya, ta kuma san sunan da mutanen gari ke kiran sashen da yake aiki.

* * *

"Likitan zuciya, zo ka duba tawa, ita ma tana dukan tara-tara."

Washegari ne da yamma, tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki. Shu'aibu ya kafe Basfarsa a gindin mangwaro, ya sosa ƙeya. Ƙanin miji ne, akwai wasa tsakaninsu, kuma ba ta saba raga masa ba.

"Matar yaya, ki bar ni da abin da ya dame ni. Ai bai yi ƙarya duka ba. Da zuciya ake tsoro, da ita ake baƙin ciki."

"Dattijon nan ba wannan zuciyar ya miƙo maka ba. Wai ni tsakani da Allah, mene ne aikin naka? Matan layin nan cewa suke kana karanta abin da ke ran mutum. Matar maƙwabcinmu in ta hango ka sai ta ja mayafi ta rufe fuska."

Ya yi dariya, ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna. Ya ce shekara huɗu ya yi a jami'a can Kudu yana karatun halayyar ɗan'adam: yadda tsoro ke shiga mutum ya ƙi fita, yadda baƙin ciki ke zama ciwo, yadda ake gwada tunani da hankali. Ya ce yanzu ɗan koyo ne kawai. Ya kan zauna a bayan malaminsa, wani dattijo da ya daɗe a aikin, yana kallon yadda yake magana da marasa lafiya. In an ba shi mutum ɗaya ya gani, duk abin da suka tattauna sai ya koma ya mayar wa malamin, a yi masa gyara. Sai ya ƙara shekara biyu a ƙasar waje kafin a yarda ya zauna da marar lafiya shi kaɗai.

"Allura fa?"

"Ba na yi. Magani ma likita ke rubutawa. Ni ba likita ba ne."

"To me kake yi?"

"Saurare, yawanci."

Yalwa ta ajiye faifan shinkafa ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara shida ana koya wa mutum saurare? Da ka zo wurina na koya maka kyauta. Ba ni da wani aiki a gidan nan sai shi."

"Naki daban. Ke kina ji ki haɗiye. Mu ana koya mana mu ji, mu taimaki mutum ya kalli abin da yake gudu, kaɗan-kaɗan, har ya daina korarsa." Ya rage murya, ya dubi ƙofar ɗakin. "Yaya Ila ba mahaukaci ba ne. Ba iska ba ne, ba sammu ba. Abin da ya gani ne bai bar shi ba. Akwai tsofaffin sojoji irinsa da ke zuwa wurin malamina, wasu har sun koma aiki."

Tun da Ila ya dawo, wannan ne karo na farko da wani mai ilimi ya faɗi haka a gabanta. Sai ta ji idonta ya ciko, ta sunkuya tana tsintar tsakuwar da babu ita.

"To ka yi masa mana."

"An hana mu. Ba a yi wa ɗan'uwa, kuma ban isa ba tukuna. Kai shi zan yi wurin malamina. Matsalar ita ce asibitin ba a ƙafa yake ba, shi kuma ba ya shiga mota. Wannan dai zan iya taya shi." Ya miƙe yana kaɗe wando. "Ranar farko da muka fara, abin da malamin ya ce mana shi ne, wanda ya zo gabanka ya riga ya rasa kusan komai, yarda ce kawai ta rage masa. Kada ka yi masa ƙarya, ko ta lallashi."

Ta so ta tuna masa dattijon jiya da gishirinsa. Ta bari.

* * *

Da Basfar aka fara. Shu'aibu ya ce tana masa gardama da safe, ko Yaya Ila zai duba masa. Ila ya fito yana noƙewa, ya tsuguna, ya nemi sifana. Kafin magariba ya warware ta ya mayar, yana ta faɗan masu hawa inji ba su san ciwonsa ba. Daga nan ya zama kullum bayan la'asar suna gindin mangwaro. Yalwa ta kan ji muryar mijinta ƙasa-ƙasa, tana tafiya tana tsayawa, Shu'aibu kuwa ba ya katse shi, ba ya ce masa ya yi haƙuri, ba ya ce masa ya manta. Wata rana ta hango Ila na kuka, ƙaninsa na zaune kusa da shi bai ce uffan ba. A ranta ta ce ashe sauraren ma iri-iri ne.

Sannan aka koma kan Fijon Alhaji. Da farko tsayawa kawai suke kusa da ita, Ila ya dafa bonet yana jan numfashi yadda aka nuna masa. Bayan kwanaki ya buɗe ƙofa ya rufe. Bayan wasu kwanakin ya zauna ciki, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, gumi na tsiyaya har gemunsa. Duk lokacin da ya ce ya isa, Shu'aibu ya kan ce to, su fito. Bai taɓa matsa masa ba, bai taɓa rufe ƙofa ba tare da ya faɗa masa ba. Ranar da Idi direba ya tayar da injin Ila na ciki bai fito ba, Yalwa ta shige ɗaki ta yi sujada.

Har jirgin yaƙi ya wuce wata yamma, ƙasa-ƙasa, kwanon rufi na amsawa. Ta fito a guje. Ila na zaune daram, ya damƙe sifana da hannu biyu, leɓensa na rawa, amma a zaune yake.

Duk wannan Alhaji na kallo ta taga yana taɓe baki. Da Shu'aibu ya same shi a baranda da maganar asibiti, Yalwa na shara a kusa, ba ta kuma yi saurin gamawa ba.

"Wane asibiti? Wancan sashen naku da kowa ya san ko na su wane ne?"

"Yaya, sau ɗaya ne a mako. Ya je ya dawo."

"Ya je ya zauna a benci, duk mai wucewa ya gan shi. Kafin azahar labari ya kai Babbar Kasuwa, an ce ƙanin Adamu na layin mahaukata. Kai yaro ne. Ka san abin da ake nufi da a ce akwai shi a jini? Ba Husaina kaɗai ba, duk 'ya'yan gidan nan sai sun tsufa a ɗaki. Har kai."

"Ba a jini yake ba, Yaya. Yaƙi ne."

"Je ka gaya wa Alhaji Inuwa haka, da Turancinka." Alhaji ya naɗe jarida. "Ni na riƙe ka tun kana rarrafe. Na tura ka jami'a don ka dawo likita, ka dawo mini da abin da ba na iya faɗa a gaban mutane. Na rufa maka asiri, ka taya ni rufe nawa. A bari sai bayan biki."

Bikin kuwa ya matso, matan gidan angon suka fara zuwa ba sallama ba sanarwa, yau kawo wannan, gobe duba wancan. Kwaɗo ya koma shiga tun da wuri. Wata rana wata gwaggon ango ta zagaya baya neman bayi, ta ji tari daga ɗakin da ke kulle ta waje, ta tambaya. Hajiya Binta ta yi dariya ta ce maigadi ne, ɓarawon barci, shi ya ce a riƙa kulle shi kada yara su dame shi. Gwaggon ta yi dariya ita ma, amma ta daɗe tana kallon ƙofar.

Bayan kwana biyu Alhaji ya sauya. Ya ce wa Idi duk lokacin da Shu'aibu ke son mota a ba shi. Ya tsaya da kansa ya ga Ila ya zagaya layi a kujerar baya ya dawo, har ya ce masa sannu da ƙoƙari. Ya kira Shu'aibu ɗakinsa suka daɗe. Yalwa, baiwar Allah, ta ɗauka zuciyar mutumin ce ta yi laushi, har ta sa shi a addu'a.

* * *

"Alhaji ya yarda. Yau za mu je."

Shu'aibu ne da safe, yana magana yana kallon igiyar shanya. Yalwa ta ce bari ta ɗauko mayafi. Ya ce a'a, ranar farko ba a zuwa da iyali, haka tsarin yake. Ba ta yi musu ba. Wa ya san tsarin asibiti in ba shi ba?

Ila ya fito ya yi wanka ya sa hula. A bakin mota ya tsaya, ya ja numfashi, ya dubi ƙaninsa.

"Kana nan tare da ni?"

"Ina nan, Yaya."

Ya shiga da ƙafarsa, ya ja ƙofa da hannunsa. Da Idi ya sa giya motar ta ɗan yi tsalle, sai ga Ila ya leƙo ta taga yana ce wa matarsa, "Kin ga direbobin zamani? Kamar yana taka kunama." Ta bi su da dariya har bakin get.

Bayan la'asar motar ta dawo da mutum biyu. Shu'aibu ya ce an kwantar da shi, malamin na son ya lura da shi na ɗan lokaci. Yaushe za ta je dubiya? Sai an ba da izini. Me za ta dafa masa? Ana ba su abinci. Ya faɗi haka yana tafiya, bai zauna a kujerar tsugunne ba, kuma daga ranar Basfarsa ta koma kwana a gaban gida.

Hidimar biki ta haɗiye kowa. Aka tura Yalwa gaban murhu, tuyar cincin, dakan yaji, wankin tukwane. Hajiya ta ce tun da ɗakin baya ya zama na mutum ɗaya, a jera buhunan shinkafa a rabinsa. Babu wanda ya ambaci sunan Ila a gidan nan, sai ka ce ba a taɓa haihuwarsa ba. In ta tare Shu'aibu ya ce yana samun sauƙi. In ta ce a kai ta ya ce gobe.

Idi ne ya yi suɓutar baki. Yana wanke mota a bakin famfo, tana jiran ya gama ta tari ruwa, yana ta mita shi kaɗai.

"Tun ranar da muka kai Malam Ila motar nan ke ƙara a ƙasa. Wannan hanya ta bayan Rigachikun ai ba ta Fijo ba ce, ta jakai ce."

"Rigachikun? Asibitin ya koma can?"

Idi ya tsaya da soso a hannu. Ya dube ta, ya dubi tagar Alhaji, ya ce shi fa direba ne, inda aka ce ya bi nan yake bi.

Ba sai an yi mata bayani ba. Duk wanda ke da mai irin wannan lalura a garin nan an taɓa ba shi shawarar gidan Maliki mai mari, a bayan Rigachikun. Ita ma an ba ta, ta ce ko gawarta ba za ta yarda ba. Da can Alhaji ya so kai shi, abin da ya hana shi ɗaya ne: Ila ba ya shiga mota, ɗaure shi da igiya kuwa a Unguwar Rimi da rana tsaka abin kallo ne.

Ta ajiye bokitin ta nufi ɗakin Shu'aibu, ta shiga ba sallama. Akwati ne buɗe a kan gado, ga littattafai, ga sabuwar rigar sanyi.

"Tafiya za ka yi?"

"Gurbin karatun ya fito. Alhaji ya yi magana da waɗanda suka dace. Bayan ɗaurin aure zan bi jirgin ƙasa zuwa Ikko."

"Ina ka kai mini miji?"

Ya zauna a bakin gado. Bai yi musu ba, ko wannan darajar bai ba ta ba ta a yi jayayya.

"Matar yaya, ki saurare ni. Ko da ni ko ba ni sai an kai shi. Alhaji ya riga ya nemo ƙarti huɗu da igiya. Da sun zo da duk abin da muka gina ya rushe. Na ga gara ya tafi cikin natsuwa, da wanda ya yarda da shi. Na roƙi mutumin kada a dake shi. Na ɗan lokaci ne."

"Wane lokaci?"

"Yanzu ba ni da ta cewa. Ɗan koyo ne ni, ba mai jin maganata. In na dawo da cikakkiyar shaida, ba Yaya Ila kaɗai ba, irin gidajen nan gaba ɗaya..."

"Shekara biyu."



Yalwa ta dube shi, wannan kyakkyawan yaro mai tattausar murya, ta ji ƙyamarsa ta kama ta fiye da ta Alhaji. Alhaji dai bai taɓa zama gindin mangwaro ba.

"Ka ce mini an hana ku yi masa ƙarya, ko ta lallashi."

"Ban ce masa asibiti ne ba da muka isa. Na ce ya jira ni."

"Ashe abin da ake koya muku ke nan. Yadda akuya za ta bi mutum har mahauta ba igiya a wuyanta." Ta juya. A bakin ƙofa ta ce, "Allah ya ba da sa'ar karatu," ta fita ta bar masa labulen a ɗage.

* * *

Ranar ɗaurin aure gidan ya cika ya batse, motoci har layi na biyu. Ba wanda ya lura da mace ɗaya da ta zare hannu daga tukunya ta fita ta ƙofar baya da kwano a ɗaure cikin ɗankwali. Ta hau bas zuwa Kawo, ta sake wata mai bin hanyar Zariya, ta sauka a Rigachikun ta bi tambaya. Duk wanda ta ce wa gidan Maliki sai ya nuna mata da baki ya kawar da kai.

Wari ne ya fara tarbarta tun kafin ta ga katangar, zarnin fitsari da hayaƙin wata saiwa mai hawa kai. A zaure ta tarar da Maliki, ƙaton mutum mai tsaftatattun kaya, yana cin gyaɗa, bulalar fatar dorina a rataye bayansa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta zo tafiya da mijinta.

"Sojan nan? Ai yana jin magani. Da ya zo yana ta surutun wai shi ba mahaukaci ba ne. Duk haka suke cewa, aljanin ne ke magana da bakinsu. Yanzu ya yi laushi." Ya watsa gyaɗa a baki. "Amma mu nan ƙa'ida gare mu. Hannun da ya kawo shi ke fitarwa. Likita ne da kansa ya damƙa mini shi, ƙaninsa. In ya zo ya ce a sake shi, ko yau."

"Yau zai bar gari."

"To in ya dawo. Shiga ki gan shi, kada ki daɗe."

Rumfa ce doguwa ta kara, mutane a jere a ƙasa, kowa da mari a ƙafa, an zura sarƙa ɗaya ta bi ta cikinsu. Wani na waƙa, wani na kallon sama, ƙudaje sun baibaye wani da ba ya ko korarsu. Ila ne na kusa da ƙarshe. An aske masa kai ƙwal, an shafa wani baƙin abu. Idon sawunsa ya kumbura ya ɗaye inda ƙarfen ke ci. Da ya juyo ta ga sawun bulala ya zagayo har gefen wuyansa.

"Yalwa. Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

"A mota?"

"A bas."

Ta kwance ɗankwalin ta tura masa kwano. Ta rasa inda za ta sa ido. Shi kuwa ya yi bismilla ya ci loma biyu, ya miƙa sauran ga na kusa da shi. Sannan ya matso har inda sarƙar ta ƙare, ya yi magana a hankali kamar mai ba da albishir.

"Kin san tun daga gida har nan ban ce a tsaya ba? Har muka wuce wata tifa tana buga salansa. Na ja numfashi kawai. Shu'aibu ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi saurina ba."

"Na sani."

"Mutanen nan ba su gane ba ne. Sun ɗauka irin sauran ne ni. Ya ce in jira shi nan, zai je ya zo da malaminsa. In sun zo za su yi musu bayani." Ya goge baki da bayan hannu. "Ya daɗe dai. Amma kin san aikin asibiti. Kin gan shi?"

Duk hanya ta zo da maganar a bakinta, ta tauna ta, ta shirya ta. Ta dubi mutumin nan da aka ƙwace wa komai, ta ga abu ɗaya da ya rage masa, wanda yake tashi da shi yake kwana da shi a cikin wannan ƙazanta. In ta faɗa, da me za ta bar shi in ta fita?

"Na gan shi," ta ce. "Yana hanya."

Ta ji ƙyamar bakinta.

Ila ya gyaɗa kai, ya gyara zama. Can daga titin Zariya ƙarar wata mota ta taso. Ya ɗaga hannu ya ce ta yi shiru, ya karkata kai, ya lumshe ido yana bin injin har ya wuce.

"Lori ce," ya ce. "Ba Fijo ba."

Bai sauke hannun ba, don wata motar na tafe a bayan lorin.